Amsa: Last Flight to Abuja ya cancanci kallo kuwa?

Ɗan'uwa kana tambaya ko ka kalli fim ɗin tunda ka ji wasu na yabo wasu na kushewa, to ni dai ina cikin masu cewa ka kalla.

Masu kushewar yawanci hoton jirgin ne damuwarsu, duk inda aka nuno shi a sama ko wajen faɗuwa kana gani ka san aikin kwamfuta ne, kuma wallahi suna da gaskiya, sai kuma masu cewa an cika komawa baya ana ba da tarihin fasinjoji har mutum ya ƙosa. Amma fa a yi adalci, Obi Emelonye, daraktan fim ɗin, bai da kuɗin 'yan Amurka, da ɗan abin da ya samu ya haɗa jaruman fim Omotola da Jim Iyke da Hakeem Kae-Kazim ya yi labarin jirgin da ya tashi daga Legas zuwa Abuja ya samu matsala a hanya.

Abin da ya sa fim ɗin ya taɓa mutane shi ne lokacin da ya fito, 2012, daidai bayan jirgin Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni, ga kuma raɗaɗin haɗurran 2005 da 2006 bai gushe ba, mu nan Arewa ai ba mu manta jirgin ADC da ya tafi da Sarkin Musulmi Maccido ba, Allah ya jiƙansu. Shi ya sa wurin da fasinjoji suka ruɗe kowa na addu'a ya fi komai tsaya min a rai.

Sai dai in kana da tafiya a jirgi kwanan nan, bari sai ka dawo.