Wasannin rediyo na da, da matan da tarihin Amurka ya yi wa ƙauro

Malama, kin tambaya ko akwai tsofaffin wasannin kwaikwayo na rediyo da suka ɗauko labarin matan da littattafan tarihi suka tsallake. Akwai su kuwa.

Wanda ya fi suna shi ne Cavalcade of America, wanda kamfanin sinadarai na DuPont ya ɗauki nauyinsa daga 1935 zuwa 1953. Ya kawo mata irin su Susan B. Anthony, mai fafutukar samar wa mata 'yancin zaɓe, sai dai yakan goge ɗacin gwagwarmaya, tunda kamfanin gyaran sunansa yake yi.

Ni wanda ya fi shiga raina shi ne Destination Freedom, na marubuci baƙar fata Richard Durham, a tashar WMAQ ta Chicago daga 1948 zuwa 1950. Nan za ki ji Harriet Tubman tana kuɓutar da bayi cikin dare, ki ji Ida B. Wells, 'yar jaridar da ta tona asirin kisan gillar da ake wa baƙaƙe har aka lalata ofishin jaridarta a Memphis a 1892. Ki tuna fa, a lokacin da ake watsa shirin, wariyar launin fata na nan daram a kudancin ƙasar. Faifan da suka tsira suna intanet, ki fara da na Wells.