Zanko, laso da goran tafiya: amsoshin tambayoyin masu karatu

Wani mai karatu daga Zariya, wanda ya ce sana'arsa zanen gidaje, ya rubuto yana tambaya: “Malam, mene ne sunan ƙahonnin nan da ake yi a kusurwar soro, kuma ya halatta in kira su da sunan gargajiya idan da siminti na yi su?”

Sunansu zanko, jam'i zankaye. Kalmar ba ta magina kaɗai ba ce, domin tukkun gashin da ake bar wa yaro a ka bayan aski zanko ne, haka ma jan naman da ke tsaye a kan zakara. Abin da ya haɗa ukun shi ne tsini a can ƙololuwa, kuma daga nan magina suka ɗauko sunan. Amsar tambayarka ta biyu ita ce e, ya halatta, saboda siffar ce ke ɗauke da sunan, ba ƙasar da aka gina ta da ita ba.

Tunda kai Bazazzage ne, bari in ƙara maka wasu kalmomi da za ka gani da idonka a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Lanƙwasar nan da ke tashi daga ginshiƙi ta riƙe rufi ita ce bakan gizo, suna ɗaya da na bakan da ke fitowa a sama bayan ruwa, kuma ƙashinta azara ce, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika cin sa ba. Inda bakunan suka gitta juna suka tallafi rufi, ana cewa ɗaurin guga. Amma kalmar da na fi jin takaicin ɓacewarta ita ce laso. Laso shi ne simintinmu na da, kuma sana'o'i uku ne suke haɗuwa a cikinsa: ana samo katsi, wato laka da ke kwantawa bayan rini, daga gindin karofin marina, irin na Ƙofar Mata a Kano, a samo gashin jima daga majema, a haɗa da ruwan dafara, wani tsiro mai yaɗo, sannan magini ya shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa. Wanda ya san wannan kalma ɗaya ya san cewa marini da majemi da magini ba su taɓa rabuwa ba a tsohon birni. Makuba kuwa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, ita ce ke ba bango launin nan mai duhu da ƙarfin jure damina.

Waɗannan ba kalmomin gidan tarihi ba ne kawai. A 1986 masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. A garin Dandaji kuma, a wannan jihar, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse, aka kammala a 2018. A ganina, duk mai zanen gida da zai yi wa Bahaushe bayanin irin wannan aiki ya fi kyau ya ce tubali da azara da indararo, domin mai gida zai fahimce shi nan take.

Wata mai karatu daga Damagaram ta ce ta sayi kujera 'yar tsugunno da aka yi wa fenti da ado na zamani, tana so ta san ko aikin kafinta ne ko na masassaƙi. Ki duba ƙarƙashinta. Idan gungume ɗaya aka ƙwaƙule da gizago, babu ƙusa babu haɗi, to sassaƙa ce, 'yar'uwar turmi da akushi. Idan katako aka yanka da zarto aka harhaɗa, aikin kafinta ne, kalmar da muka ara daga Turanci tare da sana'ar.

Tambaya ta ƙarshe daga Kumasi ta zo, kan ma'anar “fafe” a karin maganar nan: ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tambayar ya ce ya san darasin, wato a yi shiri tun da wuri, amma bai san aikin ba. Fafa ita ce yanka duma a kwashe 'ya'ya da totuwar cikinsa, a kankare shi har ya zama ƙwarya ko gora, kuma mai wannan sana'a shi ne mafafi. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, duma yana da ɗaci, saboda haka bayan an fafe gora sai an jiƙa shi, ana zuba ruwa ana zubarwa kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Matafiyin da ya fafe goransa da safen tafiya zai samu abin zuba ruwa, amma ruwan ba zai shawu ba. Masu yin fitilun ado da ƙwarya a yau ma da fafa suke farawa, kuma sai ƙwaryar ta bushe sarai suke huda ta su zana mata dagi.