Amsa ga 'yar'uwar da feshin hanci ya cika wa maƙogwaro da ɗaci

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce likita ya rubuta miki maganin fesawa a hanci mai suna azelastine saboda toshewar hanci da atishawa, kin fesa kwana biyu ɗaci ya hana ki sakat, kuma kina tunanin ki ajiye shi ki koma wa na kemis ɗin nan mai buɗe hanci nan take. Don Allah kar ki koma. Na bi wannan hanyar, na san inda take ɓullewa.

Ni malamar makaranta ce, kullum ina cikin ƙurar alli. Da hunturu ya kama, hazo ya sauka, shikenan na shiga uku: atishawa goma a jere tun kafin sallar asuba, hanci na yoyo, da daddare kuma ya toshe sai da baki nake numfashi. Shekaru ina cewa mura ce. Na sha Piriton har na gaji da gyangyaɗi a aji. Daga baya wani mai kemis ya ba ni feshi mai xylometazoline, na fesa, cikin 'yan mintuna hanci ya buɗe wayam. Na ce na samu waraka. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Irin wannan feshin matse jijiyoyin jinin cikin hanci yake yi, idan ƙarfinsa ya sake sai su kumbura fiye da da. Na 'yan kwanaki ne kawai, takardar cikin kwalinsa ma ta faɗa, ni kuwa na kai wata huɗu a kai. Har ta kai ina da kwalba a jaka, wata ƙarƙashin matashi, ƙarfe biyun dare na farka ina lalube cikin duhu. Da na je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya haska ya ce maganin ne yanzu yake toshe min hancin. Makon da na daina shi, a zaune nake kwana.

Azelastine ba danginsa ba ne. Idan ƙura ko wani abin da jikinki ba ya so ya shiga hanci, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da yoyo da kumburi, abin da ake kira alaji ke nan. Wannan feshin histamin ɗin yake tare wa hanya, daidai wurin da abin ke faruwa, ba sai ya zagaya ta ciki kamar ƙwaya ba. Shi ya sa yake da saurin aiki, daga minti 15 zuwa 30 za ki ji sauƙi, kuma ba ya jawo wancan toshewar mai dawowa idan an daina. Ba sabon magani ba ne: tun 1996 aka amince da shi a Amurka da sunan Astelin, kuma a 2021 aka ba da damar sayar da wani nau'insa a can, Astepro, ba tare da takardar likita ba. Yana taimaka wa har waɗanda nasu ba alaji ba ne, masu hancin da sanyi ko hayaƙi ko ƙamshi mai ƙarfi ke tayar wa. Ni turaren wuta na gidan biki yana cikin manyan abokan gabana.

To batun ɗacin. Gaskiya ne yana da ɗaci, kusan shi ne ƙorafin da aka fi yi a kansa. Amma yawancinsa daga yadda muke fesawa ne. Mun saba da ɗiga magani, mu ɗaga kai sama mu zuƙa da ƙarfi, to nan take ruwan ke gangarawa maƙogwaro, inda ba shi da aikin yi sai ɗaci. Ma'aikaciyar jinya ce ta tsayar da ni ta nuna min. Ki fara fyace hanci a hankali. Ki sunkuyar da kai kaɗan kamar mai kallon yatsun ƙafarta. Ki riƙe kwalbar da hannun hagu idan ƙofar hancin dama za ki fesa, da hannun dama kuma idan ta hagu ce, hakan zai sa bakin kwalbar ya kalli gefe, wajen kunne, ya kauce wa bangon da ya raba ƙofofin biyu. Wannan bangon fatarsa ba ta da kauri, yawan fesa masa kan kawo raɗaɗi ko haɓo, balle da hunturu da hanci ke bushe. Ki danna, ki shaƙa a hankali kamar mai sansanar miya a kan wuta, kar ki ja, kar ki ɗaga kai. Ranar da na fara yin haka, ɗacin ya ragu sosai. Ɗan abin da ya rage nakan kore shi da kurɓin ruwa ko dabino ɗaya. Sabuwar kwalba kuma sai kin danna ta a iska wasu lokuta har feshin ya fito kamar hazo, haka ma idan ta kwana uku ba a taɓa ta ba.

Ni an rubuta min fesawa safe da yamma. Ki bi adadin da naki likitan ya rubuta, don ƙarfin maganin kala biyu ne, kuma na yara daban yake. Wasu yana sa su barci ko kasala, ni ma kwanakin farko na ji jikina ya yi nauyi, daga baya ya wuce. Saboda haka kar ki haɗa shi da Piriton ko maganin barci sai kin tambaya, kuma idan kina tuƙi ki fara ganin yadda jikinki ya karɓe shi. In kina da juna biyu ko kina shayarwa ba ki faɗa wa likitan ba, ki koma ki faɗa. Da azumi, bayan shan ruwa da lokacin sahur nake fesawa, hankalina ya fi kwanciya.

Ba zan ɓoye miki ba, a wajena atishawa da yoyo ya fi kashewa. Toshewar ta ragu amma ba ta tafi duka ba, sai da likita ya ƙara min feshin fluticasone, wanda shi kumburin yake saukarwa a hankali, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum kafin a ga amfaninsa. Akwai ma wanda aka haɗa su biyun a kwalba ɗaya, Dymista, sai dai kuɗinsa da ɗan nauyi. Don haka idan kin yi mako biyu kina fesawa daidai hancin bai buɗe yadda kike so ba, wajen likita za ki koma, ba kemis ba. Abin da ya ƙara taimaka min shi ne wanke hanci da ruwan gishiri kafin feshin, ruwan da aka tafasa ya huce, da sa takunkumi in zan yi shara ko share allo, da yayyafa ruwa a tsakar gida kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa.

Amma idan ƙofa ɗaya ce kawai ke toshe miki kullum, ko majinar ta koma kore mai wari da ciwon fuska da zazzaɓi, ko haɓo ya yawaita, ko kina jin ƙirji na ƙara da numfashi sama-sama, kar ki jira mako biyun, ki tafi asibiti gobe. Sannan ba ki faɗa mana tsawon lokacin da kika ɗauka kina amfani da na kemis ɗin ba. Idan ya wuce mako, ki sanar da likitanki, domin toshewar kwanakin nan na farko tana iya zama ta rabuwa da shi ce, kada ki ɗora wa sabon maganin laifi. Ki gwada sunkuyar da kan nan yau da daddare, gobe ki dawo ki ba mu labarin ɗacin.