SSD ɗaya zai isa aikin editin ɗin 4K?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko SSD (faifan ajiya mai sauri) ɗaya mai 1TB zai ishe ka editin ɗin bidiyon 4K. Gaskiya ba zai isa ba.

Raba fayilolinka a faifai daban-daban kawai. Windows da manhajojinka su zauna a SSD ɗaya, bidiyon da kake aiki a kai da cache ɗinsa (fayilolin wucin gadi da manhaja ke ajiyewa) ka ba su NVMe (nau'in SSD da ya fi sauri) daban mai 2TB, don SSD na SATA (tsohon nau'in) iyakarsa wajen 550MB a sakan ɗaya, shi kuwa NVMe na Gen4 yana kai 7000MB, kuma za ka ga bambancin da zarar ka jera bidiyo uku ko huɗu a timeline (layin da ake jera bidiyo a manhajar editin) kana ja gaba da baya. Aikin da ka gama ka kwashe shi zuwa HDD (faifan ajiya mai juyawa) babba, kuma don Allah kwafi biyu, faifai yakan mutu ba sallama.

RAM kar ya gaza 32GB. In DaVinci Resolve (manhajar editin bidiyo) kake amfani da shi to zuba kuɗinka a katin girafik mai aƙalla 8GB, don a kansa ya fi dogara. In har yanzu yana sarƙewa, yi proxy, wato kwafin bidiyon mara nauyi da za ka yi editin a kai.