Akwatin shiga jirgi: a fara auna shi tun babu komai a ciki

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya albarka a sabon aiki. Na ga tambayarka: aiki ya mai da kai Riyad, iyali suna Makka, kusan kullum kana hanya, ga zuwa Kano idan hutu ya samu. Kana neman akwati mai taya da za ka riƙa shiga da shi cikin jirgi, wanda zai jure, ka kuma rasa zaɓi tsakanin mai tauri da na yadi, da mai taya huɗu da mai biyu. 'Yan uwa sun jero maka sunayen kamfanoni. Ni hidimar masu Umara ta daɗe tana yawo da ni tsakanin Jidda da Madina da Riyad da gida, kuma shawarata ka jingine maganar suna tukuna, ka fara da nauyi.

Yawancin jiragen da muke hawa kilo 7 suke ba mai tikitin talaka ya shiga da shi. Haka Saudia, haka flynas, haka Ethiopian idan ta Addis za ka bi. EgyptAir kilo 8 ne. Wannan awon kuwa har da akwatin kansa. To ka ɗauka ka sayo wani ƙyasasshe na alminiyom, irin wanda ke ɗaukar ido a shago. Irinsu sukan haura kilo 4 ba ka sa ko hula a ciki ba. Saura ƙasa da kilo 3. Kwamfutarka da cajarta sun cinye biyu. Me ya rage? Jallabiya ɗaya da silifas. Idan kuma da niyyar Umara ka taso, haramin nan guda biyu mai kauri shi ma yana da nasa nauyin. Don haka duk akwatin da ya kai kilo 3 yana wofi ba na ko tsayawa taya shi. Tsakanin kilo 2 da 2 da rabi ake nema. Ɗan sikelin hannu mai ƙugiya ba shi da tsada, ka saya ka tafi da shi kasuwa, ka rataya akwatin a gaban mai shago. Abin da aka rubuta a takardar da ke lilo a jikinsa ba kullum yake zama gaskiya ba, musamman kayan da ba na asali ba.

Sai girma. Saudia tana da sassauci, santimita 56 da 45 da 25. Amma flynas 56 da 36 da 23 ne, Ethiopian da EgyptAir kuma 55 da 40 da 23. Tunda ba jirgi ɗaya za ka riƙa hawa ba, ka sayi wanda zai shige wa mafi tsananinsu: kada ya wuce 55 a tsaye, 36 a faɗi, 23 a kauri. Kuma awon daga ƙasan taya ne zuwa saman mariƙi. Mai shago zai ce maka inci 20 ne, alhali gangar jikin kawai ya auna, tayoyin sun ƙara masa tsawo. Kamfanonin jirgi sukan sauya ƙa'ida, ka riƙa leƙa tikitinka kafin ka fito. Zif ɗin nan na ƙara faɗi kuma, wanda ake zugewa akwati ya kumbura, kada ya ruɗe ka. Ranar da ka buɗe shi ka fita daga awo.

Akwati ba kasafai yake mutuwa ta jiki ba. Taya ce, sai sandar ja, sai zif. Taya ce ma kan gaba, bari in daɗe a kanta.

Mai taya huɗu daɗi ne a kan tayil. A sabon filin jirgin Jidda ko tashar jirgin ƙasa na Haramain, da yatsa biyu za ka tura shi yana bin ka a gefe. Amma tafiyarka ba a tayil take ƙarewa ba. Ka sauka a tashar Rusaifa, mota ta ajiye ka bakin layi, ka shiga lungunan Hindawiyya ko Shari'a Mansur, ga hawa ga gangara ga kwalta mai tsakuwa. A nan ƙananan tayoyin da suka fito waje suke shan wuya, dole ka karkata akwatin ka ja shi a kan biyu, su kuma ba don haka aka yi su ba. A cikin bas ɗin da ke kai mutane gindin jirgi ma, kana sakinsa zai gangara ya bugi ƙafar wani. Mai taya biyu tayoyinsa manya ne, rabinsu a shige cikin jiki, ba abin da zai fizge su, kuma wurin da tayoyi huɗu za su ci a waje ya zama wurin kaya a ciki. Ka lura da matuƙa jirgi, da yawansu har yau mai biyu suke ja. Wani matuƙi ne ma a Amurka, Robert Plath, ya fito da wannan fasalin a 1987, shi ne asalin kamfanin akwati na Travelpro. Aibinsa ɗaya, nauyin yana kan hannunka, kuma a tsakanin kujerun jirgi sai ka ɗaga shi. Mai ciwon kafaɗa ko dattijo, huɗu ya fi masa. Kai da sauran ƙarfinka, biyu nake ba ka shawara. In ka nace sai huɗu, nemi mai tagwayen taya a kowace kusurwa, masu roba mai laushi a baki, ba busasshiyar roba mai ƙara kamar injin markaɗe ba.

Ga abin da mutane ba sa yi a shago. Buɗe akwatin, a tsakiyar shafin ciki akwai wani zif marar mariƙi, ka zuge shi da farce ka leƙa kusurwa inda taya take. Idan ka ga kan sukurori, alhamdu lillahi, ranar da taya ta ci sai a kwance a sa wata, masu gyaran jaka da akwati suna yi, ana kuma samun tayar a intanet. Idan ka ga an dasa ta ne da ƙusar da ba ta kwantuwa, sai an huda kafin a cire, kuma ba kowane mai gyara ne zai karɓa ba. Daga nan ka zaro sandar ja har ƙarshe, ka girgiza ta hagu da dama. Ɗan motsi dole ne. Amma in tana rawa har kana jin ƙarfen yana bugun juna, ajiye. Ka danna maɓallin, ka mayar ka zaro sau da yawa, ka ga ko tana sarƙewa. Mai sanda biyu ya fi mai ɗaya, don za ka iya zura jakar kwamfuta a kai. Kuma kada ka taɓa ɗaga akwati cike da kaya da wannan sandar a kan matakala, aikin mariƙin sama ne da na gefe. Zif kuwa ka nemi mai manyan haƙora. In ka ga YKK, sunan wani shahararren kamfanin zif, a jikin kansa, alama ce mai kyau, duk da shi ma ana kwaikwayonsa. Ka zagaya da shi kusurwa, a nan yake fara tsinkewa.

Maganar mai tauri da na yadi ba ta kai yadda ake zafafa ta ba. In mai tauri ne, tambayi irin robar. ABS ita ce mai araha da ta cika kasuwa, ita ce ke tsagewa a kusurwa. Polycarbonate da polypropylene suna lanƙwasa su dawo. Danna da tafin hannu za ka ji bambanci. Amma mai tauri rabewa yake biyu, sai ka shimfiɗa shi gaba ɗaya kafin ka ciro ko da biro ne. Ka yi tunanin kana cikin jirgi daga Riyad, an sanar an kusa miƙati, haraminka yana can ƙasan kaya. Na yadi yana da aljihun gaba, nan kwamfuta da harami za su zauna, a wurin bincike ma zaro kawai za ka yi. Nailan mai kauri ya fi foliyesta jurewa. Baƙi ko ruwan toka ka ɗauka saboda ƙura. Mai adon fatar roba kuwa ka bar musu kayansu, danshin Jidda ɓare shi yake yi. Kuma kowane iri ne, kada ya zama mazauninsa but ɗin mota a zafin Makka, robar taya ba ta son wannan gashin.

Game da kuɗi, na tsakiya ya ishe ka. Na can ƙasa, irin saitin nan uku a haɗe da ake jibgewa a kasuwannin Bab Makka ta Jidda da Batha ta Riyad, ya yi wa alhajin da zai yi tafiya ɗaya ya kai tsaraba gida, ba mai hawa jirgi duk wata ba. Na can sama kuma rabin kuɗin na suna ne. Samsonite, American Tourister, Delsey, duk suna da masu sauƙin nauyi, sai dai kowane kamfani yana da na kirki yana da na talla, shi ya sa gwajin can ya fi sunan. Ka saya a shagonsu ko wurin wakilinsu, ka karɓi fatura, wato rasit, da katin garanti, ka ɗauki hotonsu a waya, don rubutun fatura gogewa yake. Ka tambaya tun a nan ko garantin ya haɗa da taya, domin ɓarnar da aka yi wajen lodi yawanci ba ta ciki. Kwaɗon TSA da suke yi maka talla don masu binciken Amurka aka yi shi, kada ka ƙara ko riyal saboda shi. Haka akwati mai batirin caji a jiki: tun 2018 jirage ba sa karɓar wanda batirinsa ba ya ciruwa.

Jiragen cikin gida irin A320, idan sun cika, musamman a azumi, wurin kaya na sama ƙarewa yake, sai a karɓe akwatinka a bakin ƙofa a kai shi ƙasa. Saboda haka ka riƙa ajiye wata 'yar jaka marar nauyi a aljihun gaba, wadda cikin minti ɗaya za ka juye mata fasfo, iƙama (katin izinin zama), magani, kwamfuta da fawa banki. Shi fawa banki ba a yarda ya tafi ƙasan jirgi ba ko kaɗan, kuma kada awon ƙarfin batirinsa ya wuce 100Wh; mai 20,000mAh yana wajen 74, ya shige. Idan gida za ka, turaren da kwalbarsa ta wuce mililita 100 ka sa shi a babban kaya tun daga ɗaki, haka almakashi da reza na aski.