Amsa ga ƙanwarmu kan jaka goman jabu da aka ba ta a kasuwa

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Na saurari saƙon ƙanwarmu mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Marwa ta ƙasar Kamaru, wadda aka sa wa takardar jaka goma (sefa dubu goma) ta jabu gab da magariba, har ta ba da canjin jaka bakwai. Ƙanwata, Allah ya mayar miki da alheri. Wallahi abin ya taɓa ni, don an tafi da kaya, an kuma tafi da kuɗinki masu kyau. Kin tambaya yaya ake ganewa, to bari in faɗa miki yadda muke yi a rumfar tura kuɗi ta waya, tunda mu kullum hannunmu cikin sefa yake.

Kada ki dogara da launi. Masu jabu sun iya launi, shuɗi-ja na jaka goma da koren jaka biyar duk suna fitar da shi tsaf. Abin da ke ba su wuya ita ce takardar kanta. Kuɗin da BEAC, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Tsakiya, ke bugawa da auduga ake yin takardarsa, shi ya sa in kin kaɗa sabuwa kusa da kunne za ki ji tana ƙara ƙaras-ƙaras. Ta jabu kuwa sulɓi gare ta kamar takardar littafin makaranta, ko ki ji ta yi laushi lagwaf. Sai ki bi manyan rubutun gaba da lambar kuɗin da farce, a hankali. Na gaske tawadar ta ɗan taso, za ki ji kaushi-kaushi. Sababbin takardun da suka fito ranar 15 ga Disamba 2022 ma an yi musu layuka masu tudu a gefe saboda makafi, yatsa na jin su.

Daga nan ki ɗaga ta sama, ta fuskanci rana ko fitilar waya. A farin gurbin nan da ba zane, kawunan wata dabbar dawa mai ƙaho, irin gwanki, guda uku za su bayyana a cikin jikin takardar. Nan fa ki lura sosai. Wasu masu jabu suna buga hoton a sama da tawada mara ƙarfi, to shi wannan ko kin ajiye kuɗin a kan tebur kina ganinsa ɓaro-ɓaro. Na gaske sai haske ya ratsa yake fitowa sosai, da inuwa-inuwa, wani wuri duhu wani wuri haske. Zaren da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa shi ma a ciki yake, ba zana shi aka yi ba, ba manna shi aka yi ba. In manyan takardu ne, ki karkata su, wurin ƙyallin ya kamata ya motsa ko ya sauya. Na jabu ƙyallinsa a tsaye yake, wani lokaci ma farce na ɓamɓare shi.

Ku kuma yayyena masu cinikin shanu da hatsi, masu karɓar kuɗi ƙulli-ƙulli, a tsakiyar ƙulli ake cusa su. Ku warware, ku dubi lambobin. Kowace takarda lambarta daban, in kun ga biyu da lamba ɗaya, magana ta ƙare. Mai hali ya sayi 'yar fitilar nan mai shuɗin haske. Takardar gama-gari tana haskawa fari fat a ƙarƙashinta, ta kuɗi ba ta yin haka.

Amma ni a ganina, ƙanwata, dabarar da ta fi cin mutane ita ce gaggawa. Mutum zai zo da almuru, ya sayi abu kaɗan, ya miƙo babbar takarda a nannaɗe, yana cewa mai babur na jiransa. Ki ce masa, Malam, yi haƙuri in duba. Ba rashin kunya ba ne, mai gaskiya ba ya jin haushi. Ki riƙa ajiye jaka goma ɗaya da kika karɓo daga banki a aljihu daban, in kin yi shakka ki jera su.

Wadda ke hannunki yanzu, don Allah kada ki tura wa wani, ko da wani ya ce ki shigar da ita cikin canji. Mai ƙosai ko ɗan babur za ta faɗa wa, kuma hukuma tana kama wanda ya kashe jabu da saninsa. Ki kai ta wurin 'yan sanda ko jandarma, ki faɗi yadda aka yi da kamannin mutumin. Ba za a musanya miki ba, wannan kam gaskiya ce, amma za a san ana yawo da ita a kasuwar. In kina so, ki biyo rumfata gobe da hantsi kafin ki tafi, in jera miki ita da ta gaske ki taɓa da hannunki. Sai da safenku.