Karkatar ƙashin bayan yarinya: tallar ruwa ce ta jawo?

Baiwar Allah daga Gusau, kin ce 'yarki mai shekara 12 kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tudu, makwabta na cewa ɗaukar jarkar ruwa ne. Ba shi ba ne. Galibi wannan karkatar, sikoliyosis a bakin likitoci, tana fitowa ne gab da balaga ba tare da wani sanannen dalili ba, kuma ta fi tsananta a 'yan mata.

Ki sa ta haɗe ƙafafu ta sunkuya, hannaye a sake. Tsaya bayanta. In haƙarƙarin gefe ɗaya ya yi tozo, ki kai ta Asibitin Tarayya na Gusau a ɗauki hoton ƙashin bayan tana tsaye. Daga hoton ake auna kusurwar karkatar. Ƙasa da digiri 25, sa ido ne, a sake hoto bayan wata shida. Daga 25 zuwa 40, in ba ta gama girma ba, sai rigar roba mai tauri da ake auna mata, a sa kamar awa 18 kullum. Rigar ba ta miƙar da ƙashi, hana shi ƙara lanƙwasa take yi, kuma yara kan cire ta saboda zafi, nan ake yin asara. Ya wuce 45 zuwa 50, sai batun tiyata, a asibiti irin na ƙashi da ke Dala, Kano.

Mai ɗori kam ba aikinsa ba ne, ba karaya ba ce. In kuwa akwai zazzaɓi, rama, ciwon baya da dare ko rashin ƙarfin ƙafafu, ku je yau, tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya.